Kwarjini ko ban tsoro? Tarke a kan hotunan hafsoshin da suka ƙone Birnin Ƙonni

0. Gabatarwa

Littattafan da ke ba da tarihin shigowar Nasara ƙasar Nijar sun saba buga hotunan mutum biyu kusa da juna, wato kyaftin Paul Voulet da kyaftin Julien Chanoine, shugabannin rundunar da Faransa ta sa wa suna « Mission Afrique Centrale », wadda ta ci Birnin Ƙonni da yaƙi ta ƙone shi a watan Mayu na 1899. Hotunan irin na hafsoshin zamanin ne: rigar soja mai tsayayyen wuya, gashin baki, fuska babu fara'a. Mai karatu yakan dube su ya ce: « Ai da gani babu tambaya, waɗannan ba su da imani. » Wani kuma ya ce: « Kai, mutanen nan akwai kwarjini! »

Manufar wannan takarda ita ce mu auna waɗannan maganganu biyu da ma'aunin nazarin harshe da na alamomi. Abin da za mu nuna shi ne, tsoron da ake karantawa a fuskar hafsa cikin tsohon hoto ƙerarre ne: mai hoto da ƙa'idar soja da injin ɗab'i da rubutun ƙasan hoto su suka taru suka ƙera shi. Saboda haka ba ya zama shaida a kan halin mutum, kuma duk wanda ya riƙe shi shaida ya rage wa masu laifi nauyi bai sani ba.

Lokacin yin wannan magana ya yi. A 2021 wasu al'ummomin da rundunar ta bi ta kansu sun kai kukansu Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2025 kuma Faransa ta amsa cewa a shirye take ta tattauna da hukumomin Nijar, amma ba ta amsa laifi ba. A watan Oktoba na 2024 an cire hoton kwamandan Monteil daga dandalin da ke ɗauke da sunansa a Yamai, aka sa na Thomas Sankara. Ke nan hotunan hafsoshin Nasara sun sake shiga bakin jama'a, za a ci gaba da buga su a littattafan lakwal da nuna su a talabijin, kuma dole wani ya rubuta musu bayani da Hausa. Kalmar da zai zaɓa ita yara za su tashi da ita.

1. Abin da ya faru

Rundunar ta haɗu a Sansane-Hausa, bakin kogin Kwara, a farkon Janairu 1899, da nufin ta kai tafkin Cadi. Nasaran da ke cikinta ba su kai goma ba. Sauran ɗaruruwan sojoji ne baƙar fata da aka ɗebo daga ƙasashen yamma, da ƴan dako da aka kama da ƙarfi, da mata da yara da aka yi ta ribacewa a hanya. Suna kuma jan igwa guda. Tun a Sansane-Hausa aka fara kisan kiyashi. Ranar 16 ga Afrilu suka gwabza da mutanen Sarauniya Mangu a Lugu, a watan Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙonni. Masana tarihi sun saɓa a kan yawan waɗanda aka kashe a can, amma babu saɓani cewa an ƙone birnin, an kashe waɗanda ba mayaƙa ba, an kwashi mata a matsayin ganima. Daga nan suka nufi Tibiri da Koran Kalgo.

Wani laftana mai suna Péteau, wanda Voulet ya kora tun farkon tafiya, ya rubuta wasiƙa gida yana faɗin abin da ya gani, labari ya kai kunnen gwamnati. Aka tura laftanan-kanal Klobb ya bi sawunsu ya karɓi ragamar rundunar. Ranar 14 ga Yuli 1899, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Klobb. Bayan kwana biyu sojojinsu suka yi bore suka kashe Chanoine, wanshekare suka kashe Voulet, a wajen Maijirgi. Sauran hafsoshin suka ci gaba da tafiya, suka ci Damagaram a ƙarshen Yuli, sa'an nan laftana Joalland da laftana Meynier suka kai Cadi, inda rundunarsu ta shiga yaƙin Kusuri na 22 ga Afrilu 1900 wanda aka kashe Rabe a cikinsa.

Abu biyu ya kamata a riƙe daga wannan taƙaitaccen labari. Na farko, Voulet da Chanoine ba su sake komawa Faransa ba bayan tashinsu a 1898, saboda haka duk wani hoton su na shagon mai hoto an ɗauke shi ne kafin ƙone Ƙonni. Na biyu, mafi yawan mutanen Ƙonni ba su taɓa ganin waɗannan fuskoki ba. Abin da suka gani shi ne hayaƙi da bakin bindiga, abin da suka ji kuwa ƙarar igwa.

2. Yadda ake ƙera fuskar soja

Akan ce mutanen da ba sa murmushi a hoto don sai an daɗe a tsaye kafin na'ura ta ɗauka. Wannan gaskiya ne a shekarun 1840 da 1850, amma a shekarun 1890 busasshen gilashin ɗaukar hoto ya riga ya yaɗu, ɗauka ba ta cin lokaci mai tsawo. Dalilin ya fi kusa da al'ada. Hoton shago ya gaji ƙa'idodinsa daga zanen fenti na sarakuna da manyan mutane, inda ake ganin bayyana haƙora a matsayin rashin kamun kai. Alƙali da likita da ɗan kasuwa da amarya duk haka suke ɗaure fuska a hotunan wancan zamani. Murmushi a gaban mai hoto al'adar ƙarni na 20 ce.

A kan wannan sai ƙa'idar soja ta ƙara nata. Tsayayyen wuyan riga yana tilasta wa mutum ɗaga haɓa, kafaɗu kuma a miƙe. Gashin baki yana rufe leɓen sama, wato wurin da ake fara ganin sakin fuska, kuma a wancan zamani ba ra'ayin mutum ba ne: a sojan Faransa yana cikin shigar soja, a sojan Ingila kuwa doka ta hana aske shi daga 1860 har 1916. Wanda ya san hoton Lugga, gwamnan da sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ko na Kitchener da aka buga a 1914 yana nuna mai kallo da yatsa don kiran samari yaƙi, ya san wannan gashin baki. Kayan aiki ne, kamar hula da anini.

Gilashin ɗaukar hoton ma ba ya gani kamar idon mutum. Irin wanda ake aiki da shi kafin 1906 ba ya kama launin ja, amma yana kama shuɗi da yawa. Sakamakon haka fatar Nasara da rana ta gasa takan fito da duhu, kowane tabo da kowace tamoji su fito fili, shuɗin ido kuma ya koma fari-fari kamar na mage. Daga nan hoton ya shiga jarida, sau da yawa bayan mai zane ya sake sassaƙa shi da hannu. Littafi ya kwafa daga jarida, wani littafin ya kwafa daga wancan, malamin lakwal ya yi fotokofi. A kowace kwafa launin toka-toka yana ɓacewa, baƙi yana ƙara baƙi, har kwarmin ido ya zama rami biyu. Fuskar da ɗalibin Malbaza ko na Illela yake gani a takardarsa ta bi ta hannu huɗu ko biyar, kuma kowane hannu ya ƙara mata duhu.

3. Kalmomin Hausa

Faransanci yakan liƙa wa fuska sifa kai tsaye, a ce « un visage dur », « un regard cruel », kamar mugunta launi ce da ke zaune a kan fata. Hausa ta fi son rarraba abin kashi uku. Kashi na farko shi ne abin da mai fuska yake yi:

(1) a. Ya ɗaure fuska.
b. Ya murtuke.
c. Ya ci magani.
d. Ya haɗe girar sama da ta ƙasa.

Duk waɗannan aikatau ne masu neman mai aikatawa, ana yin su na ɗan lokaci kuma ana warware su, domin abin da aka ɗaure ana iya sakinsa: « ya saki fuska ». Suna kuma karɓar « da gangan ». Kashi na biyu shi ne abin da mai kallo yake ji:

(2) a. Ya ba ni tsoro.
b. Yana da ban tsoro.
c. Ya cika mini ido.
d. Ya yi mini kwarjini.

A nan ginin jimla kansa yana neman mai karɓa. « Ban tsoro » daga aikatau « ba » ya fito, kuma ba a bayarwa sai da wanda aka ba. Abin da ya ba yaro tsoro ba lalle ya ba babba ba. Kashi na uku shi ne hali:

(3) a. Mugu ne.
b. Azzalumi ne.
c. Ba shi da imani.

Hali kuwa da aiki ake saninsa, shi ya sa ake cewa hali zanen dutse, kuma sai an zauna da mutum ake karanta zanen. Hujjar cewa kasusuwan nan uku ba ɗaya ba ne ita ce, ana iya tabbatar da ɗaya a kore ɗaya ba tare da jimla ta yi tuntuɓe ba:

(4) a. Kullum fuskarsa a ɗaure, amma mutumin kirki ne.
b. Azzalumi ne, amma ga fara'a.

Hoto ba ya iya nuna komi sai kashi na farko, shi ma na ƙiftawar ido ɗaya. Kashi na biyu a zuciyar mai kallo yake. Wanda ya dubi Voulet ya ce « da gani babu tambaya » ya yi tsalle daga (1) zuwa (3), alhali harshen da yake magana da shi bai gina gada a wurin ba.

Mai cewa « akwai kwarjini » kuma ya faɗa wani ramin. Kwarjini da ban tsoro ba ma'anarsu ɗaya ba:

(5) a. Kura tana da ban tsoro, zaki ke da kwarjini.
b. ? Ɓarawon nan yana da kwarjini.
c. ? Ya yi kwarjini da gangan.

Alamar tambaya a (5b) da (5c) tana nuna cewa kunnen Bahaushe ba ya karɓarsu cikin sauƙi. Kwarjini, kamar ƴar'uwarsa haiba da muka aro daga Larabci, tsoro ne da ke tafe da girmamawa, ana ganinsa baiwa ce daga Allah ga malami ko sarki ko uba, kuma ba a ƙirƙirarsa. Mai fassara da ya ga « imposant » ko « intimidant » a ƙasan hoton Voulet ya juya shi da « mai kwarjini » ya naɗa masa rawanin da bai gada ba.

A dubi yadda kwarjini yake aiki a fadar Sarkin Adar a Illela, ko ta Sarkin Ƙonni, ko ta Dogarawa. Sarki yakan ja amawali ya rufe baki, ya zauna da ɗan nisa, ya yi magana ƙasa-ƙasa, wani ya ɗaukaka ta. Abzinawan Adar su ma rawaninsu yana rufe baki da hanci. Talaka kuwa yakan sunkuyar da kai. Wato a nan mulki ɓoye fuska yake yi, alamar kwarjini kuma ita ce ka kasa haɗa ido da mai shi. Hoto ya juya wannan tsari: fuskar hafsa a buɗe take, mai kallo yana ƙura mata ido iyakar son ransa, ya ninke takardar ya sa aljihu. Abin da ake ƙura wa ido haka ba a kira shi mai kwarjini.

4. Rubutun ƙasan hoto

Roland Barthes, a maƙalarsa ta 1964 a kan hikimar hoto, ya nuna cewa hoto yana ɗauke da ma'anoni da yawa masu yawo, rubutun da ke tare da shi ne ke kafa masa turke, abin da ya kira « ancrage ». Tun kafin shi masanin sinima na Rasha Lev Kulecof ya nuna cewa fuska guda, in aka jera ta da kwanon abinci sai a karanta yunwa, in aka jera ta da gawa sai a karanta baƙin ciki. Binciken Willis da Todorov na 2006 ya ƙara da cewa kashi ɗaya cikin goma na sakan ya ishi mutum ya yanke hukunci a kan baƙuwar fuska. Saurin hukunci dai ba ya nufin daidaitonsa, kuma Todorov da kansa ya yi littafi a 2017 yana gargaɗi a kan haka.

Tarihin hotunan da muke magana a kansu misali ne mai kyau. A 1896 Voulet da Chanoine sun ci Wagadugu, suka shigar da ƙasar Mosi ƙarƙashin Faransa, aka karɓe su a Paris a matsayin jarumai. A lokacin, wannan ɗaurarriyar fuska jarunta da ƙwazo take nufi. Bayan 14 ga Yuli 1899 fuskar ba ta sake ba ko kaɗan, amma ta koma ta maciya amana kuma mahaukata. Abin lura shi ne ba jinin Sansane-Hausa ko na Ƙonni ya fi juya ta a idon jaridun Faransa ba, jinin Klobb ne.

A jera kuma hotunan sauran hafsoshin a rufe sunayen. Klobb, wanda aka kashe a hanyar tsayar da ɓarnar, irin shigar ce da irin tsayuwar. Joalland shi ne hafsan igwa na rundunar lokacin da Ƙonni ta faɗi, bai mutu a Maijirgi ba, ya rayu ya zama janar, ya rubuta littafinsa a kan abin da ya faru a Dankori a 1930. Ba a saba karanta mugunta a fuskarsa ba, domin rubutun da ke ƙasan hotonsa « wanda ya kai tutar Faransa Cadi » yake cewa.

Ba sai mun je Turai ba ma. A gidaje da dama na Ƙonni da Malbaza da Illela akwai hotunan mazan jiya da suka yi yaƙin duniya na biyu ko na Indocin ko na Aljeriya, da lambobinsu a ƙirji, haɓa a ɗage, fuska a murtuke. Ƙa'idar shagon mai hoto guda ce da ta Voulet, amma jikoki jarunta da wahalar da kaka ya sha suke gani. Haka kuma hoton janar Seini Kunce, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987: wanda ya tuna rabon hatsi da tsoron taɓa dukiyar ƙasa yakan ce kwarjini, wanda ɗan'uwansa ya kwana a kurkuku ba shari'a yakan ce ban tsoro. Hoto ɗaya ne, abin da kowa ya zo da shi ya bambanta.

5. Wa ke cin ribar muguwar fuska?

Da labarin Dankori ya kai Paris, bayanin da ya fi samun karɓuwa shi ne « soudanite », wai wata hauka ce da zafin ƙasar Sudan da kaɗaici ke jefa Nasara a ciki. Kalmar kanta abin nazari ce: an ɗauki sunan ƙasa an liƙa masa ɗafa-ƙeyar « -ite », wadda likitoci ke sa wa sunayen cututtuka. Da harafi uku laifi ya tashi daga kan gwamnati ya koma kan rana da ƙasar baƙar fata. Ɗan majalisa Vigné d'Octon ya nemi majalisa ta kafa kwamitin bincike a 1900, aka ƙi. Binciken da soja suka yi an rufe shi a 1902. Ƙasar da rundunar ta ci kuwa ba a mayar wa kowa ba.

Karanta mugunta a fuskar Voulet ƙanwar « soudanite » ce. Dukansu suna cewa abin da ya faru a Ƙonni aikin wasu dodanni biyu ne da suka fita daban, har kamanninsu sun nuna. In haka ne, babu sauran tambaya. Alhali tambayoyin suna nan. Yadda mutanen biyu suka yi a ƙasar Mosi, da ƙone-ƙone da kashe-kashe, ba ɓoyayye ba ne, kuma bayan haka aka ba su babbar runduna. An tura su tafiyar dubban kilomita da guzurin da bai isa ba, wanda ke nufin su ci daga abin da suka ƙwace. Mahaifin Chanoine janar ne, ya riƙe muƙamin ministan yaƙi a watannin Satumba da Oktoba na 1898. Ma'aikatar ƙasashen mallaka, wadda André Lebon ya shugabanta har Yuni 1898, ita ta tsara tafiyar. Hoton minista cikin baƙar kwat ba ya ba kowa tsoro, shi ya sa ba a buga shi kusa da labarin Ƙonni.

Akwai ma wani zane da ya fi kowace fuska tasiri a kan wannan yanki. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 14 ga Yuni 1898 ta zana rabin da'ira mai nisan mil 100, kusan kilomita 160, daga tsakiyar Sakkwato, ta ce abin da ke ciki na Ingila ne. Birnin Ƙonni, da bai kai kilomita 100 daga Sakkwato ba, ya faɗa ciki, haka ma yankin Malbaza, layin ya bi ta wajen Illela. Hanyar da ta rage wa Faransa a arewa mai ƙarancin rijiyoyi ce ga taro mai yawa irin wannan, rundunar ta tsallaka layin ta bi garuruwa masu ruwa da rumbuna. Sai da yarjejeniyoyin 1904 da 1906 aka gyara iyakar, Ƙonni ta koma hannun Faransa. Waɗanda suka zana da'irar ba su taɓa taka Adar ba.

Dole kuma mu san asalin ma'aunin da muke aro. Ilimin gane mai laifi ta kamanninsa ya yi tashe a Turai a daidai wannan zamani: Lombroso ya buga littafinsa a kan « mutum mai laifi » a 1876, Bertillon ya kafa awon kai da hoton fuska da na gefe a ofishin ƴan sandan Paris a shekarun 1880. Da irin wannan awo aka jera fuskokin mutanen Afirka a littattafan mulkin mallaka, ana cewa wannan ƙabila maƙaryata ce, waccan malalaciya, ga shaida a goshi da leɓe. Wanda ya yarda cewa ana ganin zalunci a girar Voulet ya yarda da ƙa'idar da aka yi wa kakanninsa hukunci da ita.

6. Hanzari

Mai karatu zai iya kawo hanzari biyu. Na farko, ai Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Gaskiya ne, amma karin maganar tana magana ne a kan yanayi na yanzu, murna ko fushi ko damuwa, a fuskar wanda ka san yadda take jiya. Ba ta ce a tambayi hoton baƙo halinsa ba. A kan hali wasu karin magana ke hukunci: mugu ba shi da kama, kuma kama da wane ba wane ba ne.

Na biyu, ai hafsoshin nan da gangan suke neman a ji tsoronsu. Wannan ma gaskiya ne, Voulet ya mai da tsoro makami, amma da wuta da igiya da kawunan da aka sare ya yi shi. Hoton shago saƙo ne zuwa ga iyaye da ma'aikata da jaridun gida, abin da yake faɗi kuwa shi ne ladabin soja da cancantar ƙarin girma. In ana neman hoton wannan yaƙi mai ban tsoro na haƙiƙa, akwai shi: wanda aka ɗauka bayan Kusuri, inda wani soja ke ɗage da kan Rabe. A can aiki ake gani.

Ayyukan fasaha ma sun gamu da wannan matsala. Abdoulaye Mamani ya buga « Sarraounia » a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Sinima ba ta da makawa sai ta ba mugunta fuska, saboda haka Voulet na fim yana zare ido yana ihu, kuma ɗan kallo da yawa shi yake tunawa in ya ga tsohon hoton. Fim ɗin « African Apocalypse » na 2020 ya jingina Voulet da Kurtz na littafin Conrad, jinginar da ke jan hankali zuwa ga duhun zuciyar mutum guda. Ƙarfinsa yana inda ya yi shiru ya bar jikokin waɗanda aka kashe suka yi magana. A nan ne gibin yake: masu kisa suna da hotuna, waɗanda aka kashe ba su da ko ɗaya. Ita kanta Sarauniya Mangu, fuskar da jama'a suka san ta da ita ta Aï Keïta ce, ƴar wasan Burkina Faso.

7. Kammalawa

Ba mu ce a daina buga hotunan Voulet da Chanoine ba. Takardun tarihi ne, ɓoye su ba ya amfanin kowa. Shawararmu ga masu rubuta littattafan lakwal da masu fassara da ma'aikatan gidan rediyo uku ce. Ta farko, kada a yi aiki da « kwarjini » ko « haiba » a kansu, domin kalmomin suna ɗauke da girmamawa. Ta biyu, bayanin ƙasan hoto ya bar sifanta fuska, ya faɗi aiki da wuri da shekara da wanda ya ba da umurni, misali:

(6) Kyaftin Paul Voulet (1866-1899). An ɗauki hoton kafin 1899. Gwamnatin Faransa ta naɗa shi shugaban runduna a 1898. Bisa umurninsa aka ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu 1899.

Ta uku, kada hoton ya tsaya shi kaɗai a shafi. A sa taswirar da'irar 1898 a gefensa, da sunayen ministocin da suka tura shi, da abin da tsofaffin Ƙonni suka ji daga bakin iyayensu, a rubuce da Hausarsu yadda suka faɗa. Tattara wannan na ƙarshe aiki ne da ya rataya a wuyan sassan nazarin harshe da na tarihi, kuma ba ya jira, domin masu riƙe da labarin suna raguwa kowace shekara. Ɗalibin da ya sami shafi irin wannan zai dubi Voulet ya ga saurayi ɗan shekara talatin da ƴan kai, mai kama da kowane hafsa na zamaninsa, sa'an nan ya yi tambayar da ta dace: wa ya ba shi igwa, kuma wa ya ci gajiyar abin da ya yi da ita?